Amurka: Ƴar na'urar da ke auna farin jinin shirye-shiryen safe na gidajen radiyon Sifaniyanci

A birnin Los Anjelis na ƙasar Amurka, tun kafin gari ya waye magina da masu dafa abinci da direbobi ke kama hanyar wurin aiki, kuma da yawansu abin da ke tashi a cikin motocinsu radiyo ne da harshen Sifaniyanci. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna cewa ƴan asalin Latin Amurka sun haura mutum miliyan 62 a ƙasar, kusan kashi 19 cikin ɗari na al'umma. A gundumar Los Anjelis kuwa sun kusa rabi. Shi ya sa sa'o'i huɗun nan, daga ƙarfe 6 zuwa 10 na safe, suka zama filin kokawa tsakanin gidajen radiyo, domin a nan ne kuɗin talla ya fi tsada.

Tun a ƙarshen shekarar 1992 aka fara ganin alama, lokacin da tashar KLAX, mai sanya kiɗan banda na ƙasar Meziko, ta zo ta ɗaya a birnin gaba ɗaya, ta bar tashoshin Turanci a baya. Daga nan masu gabatar da shirin safe suka zama taurari. Akwai Renán Almendárez Coello, ɗan asalin Honduras, wanda ake kira El Cucuy, wato dodon da ake tsorata yara da shi. Akwai Eddie Sotelo, da aka fi sani da Piolín, wanda ya tsallako iyaka daga Meziko a 1986 ba tare da takardu ba, ya kuma samu zama ɗan ƙasa a 2008. A Niyok, shirin El Vacilón de la Mañana na Luis Jiménez ya taɓa shan gaban Howard Stern, wanda ake yi wa kallon sarkin radiyon safe na Turanci.

Shirye-shiryen nasu cike suke da barkwanci da zolayar mutane ta waya, wani lokacin har da maganganun da dattijo ba zai so ji a gaban ƴaƴansa ba. Amma a cikin wannan raha ake gayyato lauya ya amsa tambayoyi kan takardun zama, ko a tara wa marar lafiya kuɗin magani. Ƙarfin nasu ya fito fili ranar 25 ga Maris 2006. Majalisar wakilai ta amince da wani ƙudurin doka a Disamba 2005 da zai mayar da zama a ƙasar ba takardu babban laifi, sai waɗannan abokan hamayya suka ajiye gasa, suka yi kwanaki suna kiran masu saurarensu su fito da fararen riguna da tutar Amurka. Kimanin mutum dubu 500 ne suka cika titunan Los Anjelis. Bayan shekara huɗu, shugaba Barack Obama da kansa ya je ɗakin watsa shirin Piolín ana dab da zaɓen ƴan majalisa.

Sai dai mai ba da talla ba ya biyan kuɗi don an cika titi. Alƙaluma yake dubawa, kuma shekara da shekaru kamfani guda, Arbitron, ne ya riƙa fitar da su. Tsohuwar hanyarsa ita ce a aika wa gidajen da aka zaɓa ɗan littafi, mutum ya riƙa rubuta abin da ya saurara har kwana bakwai. Wannan hanya ta yi wa tashoshin Sifaniyanci daɗi. Mai ƙaunar Piolín yakan zauna da dare ya rubuta cewa ya saurare shi tun daga 6 har zuwa 10, ko da a tsakani ya sauka daga mota ko ya juya tasha.

A 2007 kamfanin ya fara aiki da wata ƴar na'ura da ake kira PPM, wadda ake ratayawa a jiki. Kowace tasha tana saka wata ɓoyayyar alama a cikin sautinta, kunnen mutum ba ya jin ta, na'urar ce ke ɗauka. Ba ruwanta da abin da mutum yake so: in ya shiga kanti ana sanya wata tasha, za ta lissafa masa ita. Da aka kawo ta Niyok da Los Anjelis a 2008, tashoshi da dama na baƙar fata da na masu jin Sifaniyanci suka ga matsayinsu ya faɗi.

Masu tashoshin suka ce matsalar tana wajen zaɓen waɗanda ake bai wa na'urar. Kamfanin ya fi neman mutane ta wayar gida, alhali matasa da baƙin haure da yawa salula kawai suke da ita. Ga kuma wanda ba shi da takardu, da wuya ya yarda ya rataya abin da ke naɗar bayanai a kansa. Babban mai shigar da ƙara na jihar Niyok a lokacin, Andrew Cuomo, ya kai Arbitron kotu a Oktoba 2008, aka sasanta a farkon 2009 bisa alƙawarin ƙara yawan gidajen masu salula kawai. Kukan nasu yana da tushe, ko da yake wani ɓangare na faɗuwar ya zo ne daga ƙarin gishirin da littafin ya daɗe yana yi musu.

Na'urar tana da nata rauni. Ƴan dubban mutane ne ke wakiltar birni mai miliyoyi, don haka gida ɗaya mai mutum huɗu ko biyar zai iya ɗaga tasha sama. A 2014 kamfanin Nielsen, wanda ya sayi Arbitron a 2013 kan dala biliyan 1 da miliyan 260, ya jinkirta fitar da alƙaluman Los Anjelis, ya kuma sake lissafi, bayan an gano cewa wani gida da ke riƙe da na'urorin yana da alaƙa da wata tashar Sifaniyanci.

Salon shirye-shiryen ma ya canza. Tun da na'urar na nuna mintin da mutane suka juya tasha, shugabanni suka riƙa matsa wa masu gabatarwa su rage dogon surutu su ƙara waƙoƙi, alhali wannan surutun ne ya sa masu saurare ke ɗaukar su tamkar ƴan uwa. A ƙa'idar lissafi, ana raba awa gida huɗu, kuma sai mutum ya saurari tasha na minti biyar a cikin minti 15 kafin a ƙirga mata shi. Daga Janairu 2025 Nielsen ya rage wannan sharaɗi zuwa minti uku a biranen da ake amfani da na'urar.