Kwali, Alawayyo da Kwan Fitila Biyu: Yadda Hoto Ya Daina Yi Mini Ƙarya

"Yaya, matan nan fa sun ce ba shi ba ne." Da wannan maganar ƙanwata ta buɗe waya, ko sallamar kirki babu. Leshin anko ne na mutum 18 na aika mata daga Sokode zuwa Dapaong, garin da mu muke ce wa Dapango, saura kwana tara biki. A hoton da na tura, leshin ya fito ruwan goro. Da aka kwance ƙunshi sai ga ruwan hoda. Ƙawayen amarya suka ce a mayar musu da kuɗinsu, kuma suna da gaskiya.

Wanda ke kasuwanci a kan hanyar nan da ta taso daga Lome ta ratsa Sokode da Kara da Mango har Cinkasse ya san yadda ciniki ya koma. Tsakanina da ƙanwata kusan kilomita 300 ne. Mai saye ba ta taɓa yadi, ba ta ɗaga shi a rana. Hoto take gani a WhatsApp, ta tura kuɗi ta waya, a ɗora kaya a mota. An ce gani ya kori ji, to yanzu ganin ma ta waya ake yin sa. In hoto ya yi kuskure, sunanka ne ya ɓaci, ba na waya ba.

Na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, na mayar wa mata kuɗinsu, leshi ya zauna mini wata huɗu ina yanka shi kaɗan-kaɗan. Na yi niyyar sayen sabuwar waya, sai autana, wanda ke koyon gyaran waya a zango, ya ce, "Mma, wayarki lafiya lau. Fitilarki ce mai laifi."

Ya ɗauko kwalin kwan fitilar shagona ya nuna mini lamba: 2700K. Ya ce wannan lambar launin haske take nunawa. Mai 2700K ko 3000K haskensa ja-ja ne, kamar na aci-balbal, shi ya sa hoda ta koma goro. Mai 6500K kuma fari ne mai ratsin shuɗi. Hasken rana da hantsi yana wajen 5500K, shi ake so a kusanta. Babban laifin, in ji shi, haɗa kala biyu a wuri ɗaya: ga jan kwano a sama, ga rana ta ƙofa, sai waya ta rasa wanda za ta bi.

Ranar Lahadi muka zauna aiki a tsakar gida. Ya samo babban kwali, ya yanke taga a gefen dama da hagu da sama, ya bar gaba a buɗe. Muka rufe tagogin da farin alawayyo. Akoko ba ya yi, don farinsa ba tas ba ne, zai rina hoton. A ciki ya shimfiɗa farar takarda mai kauri, ya lanƙwasa ta daga bango zuwa ƙasa ba tare da ya karya ta ba, don kada layi ya fito a bayan kaya. Sai kwan LED biyu masu lamba ɗaya, kowanne a waje, yana haska alawayyo daga gefensa. Yadin yana baza hasken, inuwa ta yi laushi. Ya gargaɗe ni da in bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin kwano da yadi, kuma kada in kuskura in sa tsohon kwano mai zare, don zafinsa na iya cinna wa kwali wuta. Da turare, da takalma, da sarƙa, da jaka, duk a cikin kwalin nan nake ɗaukarsu yanzu.

Atamfa da shadda ba sa shiga kwali. Su nakan rataya a kusa da ƙofa da safe, inda akwai haske amma rana ba ta dukansu kai tsaye. Ɓangaren da ya yi duhu, akwai murfin kwali da muka manna wa takardar foyil, irin ta naɗe gasasshen kifi. Sai an cukuikuye ta tukuna a warware, in ba haka ba ta yi walƙiya kamar madubi. Ƙanwarsa ke riƙewa ta mayar da haske kan yadin. Shadda kuwa ba ta son filashi sam. Haske daga gefe shi ke fito da zanenta da maiƙonta. Wani abin da na koya: in ka ninka nisan fitila daga kaya, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka kafin ka sayi babban kwano, fara matso da wanda kake da shi.

Saura rawar hannu. Ya ɗaure sandunan gora uku da tsohuwar robar tayar keke, suka tsaya kamar duwatsun murhu, ya ɗora maƙalin wata sandar salfi da ta karye. Ramin ƙasan maƙalin na ƙusa mai kwatar inci ne, irin na kyamara. Ƙusar M6 da ta cika kasuwa ta yi kama da ita, amma zarensu ya bambanta, in ka matsa ka lalata ramin. Ranar da nake sauri, safa cike da shinkafa ta isa in jingina waya, in sa ta ƙirga daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka.

A bidiyo, wani lokaci baƙaƙen layuka kan riƙa gudu a fuskar waya. Wutar Togo 50Hz ce, sai a shiga saitin kyamara a zaɓi 50Hz, ko hoto 25 a daƙiƙa in wayar ta yarda. Da hunturu kuma, goge idon kyamara da tsumma mai laushi kafin kowane ɗauka. Rabin hazon da nake gani a hotunan mutane ƙura ce da maiƙon yatsa.

Ƙanwata a Dapango ba ta ma yi kwali ba. Bakin zaure take amfani da shi, da farin zane a ƙasa, da faifan da ta lulluɓe da foyil. Ranar Asabar, babbar ranar kasuwarsu, tun da hantsi take gama ɗaukar hotunanta.

Yanzu duk yadin da zan tura, sai na ajiye farar takarda a gefensa. In takardar ta fito fara a waya, launin yadin ma ya kusa daidai. In ta yi ja ko shuɗi, na sake. Ba na taɓa maɓallan ƙawata hoto, kuma in anko ne, nakan yanki ƙyalle in ba direba ya kai kafin a biya. Duka kayan aikin nan ba su kai ni jaka biyar ba. A cikin matan nan 18, shida sun dawo, uwar amaryar ma ta aiko a nuna mata shaddar Sallah.