Magatakardan Ƙwayar Cuta: Yadda Mura Take Yaɗuwa a Jiki

Jama'a, ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai wani iri da likitoci ke kira bairos. Shi ne ke kawo mura, ƙyanda da shan inna. Bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya shiga cikin ƙananan ƙwayoyin halittar jikin mutum ko dabba.

Wasiƙa da Magatakarda

A cikin bairos ɗin mura akwai wani siririn zare mai suna RNA. Zaren nan kamar wasiƙa yake. An rubuta shi da haruffa 4 kacal: A, U, G da C. Wasiƙar mura guntaye 8 ce, haruffanta kimanin 13,500. A ciki aka bayyana yadda za a ƙera sabon bairos.

Kowane sabon bairos yana buƙatar tasa wasiƙar. To, wa zai kwafa? Akwai wani sinadari mai wannan aiki, sunansa folimares. Mu kira shi magatakarda. Masana sun ce siffarsa kamar hannun dama ce: ga tafi, ga yatsu, ga babban yatsa. Yatsu suna jawo haruffa, tafi yana haɗa su ɗaya bayan ɗaya.

Farawa ce Wuya

Kafin a yi sababbin wasiƙu, sai magatakarda ya rubuta saƙo zuwa ga ƙwayar jiki, don ta ƙera masa kayan aiki. Amma jiki ba ya karɓar saƙon da ba shi da hatimi. Saboda haka magatakardan mura yakan yi sata. Yana kama saƙon jikinmu, ya yanke kansa mai hatimi da haruffa 10 zuwa 13, sannan ya ɗora nasa rubutun a kai. Jiki ya ga hatimi, sai ya kama yi wa abokin gaba aiki.

Magatakardan nan ba ya duba kurensa. Shi ya sa mura take yawan sake kama, kuma ake sabunta allurar rigakafinta kowace shekara.

Amfanin Wannan Sani

Idan an tsayar da magatakarda, bairos ba zai ƙaru ba. A shekarar 2018 ƙasashen Japan da Amurka suka amince da wani maganin mura mai suna baloxavir. Aikinsa hana wannan satar hatimi ne.

Kafson ampicillin da tetracycline kuwa ba su taɓa magatakardan nan. Na wasu ƙwayoyin cuta ne dabam. Don haka kada mu ɓarnatar da kuɗi a kansu saboda mura, sai in likita ya rubuta. Mai mura ya huta, ya sha ruwa da yawa. In numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti. A kai yara rigakafin ƙyanda da shan inna. Rigakafi dai ya fi magani.