Sana'ar Shirya Bidiyo: Lissafin Ɗan Kasuwa da Idon Mai Fim

Sana'ar shirya bidiyo ta ƙunshi duk aikin da ake ɗauka da kyamara, a tace shi, a miƙa wa mai kallo domin samun abin rufin asiri. A ciki akwai ɗaukar biki da suna, tallar kaya, bidiyon waƙa, shirye-shiryen wayar da kai, da fim mai dogon zango. A ƙasar Hausa, Kano ce cibiyar wannan harka. A shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. A 1999 kuma Sunusi Shehu Daneji na mujallar Tauraruwa ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood.

Tun daga lokacin, hanyar da kuɗi ke dawowa hannun furodusa ta sauya fiye da sau ɗaya. Da can idan an gama fim, dillalan kaset na kasuwar Ƙofar Wambai ake kai wa, su buga su rarraba har Nijar da Kamaru da Gana. Faifan CD ya maye gurbin kaset, sannan satar fasaha da masu tura fim a waya suka durƙusar da wannan kasuwa. Buɗe tashar Arewa24 a 2014, da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, ya saba wa jama'a da fim mai dogon zango, daga baya irin su Izzar So da Labarina suka tara ɗimbin masu kallo a YouTube. Darasin da ke cikin wannan tarihi guda ne: kafin a kunna kyamara, dole a san wanda zai biya da kuma ta inda kuɗin zai shigo.

YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya cika sharuɗɗa, waɗanda suka haɗa da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Ko an cika su, abin da ake biya kan masu kallo na Najeriya bai kai na Turai ko Amurka ba. Shi ya sa masu shirya fim ke neman 'yan kasuwa su saka talla a cikin shirin. Ƙaramin kamfani kuwa yakan rayu ne da aikin biki da tallar shaguna, ya riƙa tara jarin fim a hankali.

Kafa kamfani yana farawa da takardu. Ana yi wa suna rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Mai shirin fitar da fim a Kano yana mu'amala da Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, da kuma takwararta ta tarayya da aka kafa tun 1993. Sai yarjejeniya a rubuce da duk wanda ya kawo aiki: kwana nawa za a ɗauka, yaushe za a miƙa, sau nawa za a yi gyara kyauta, wa ke da haƙƙin mallaka. Ana karɓar kafin alƙalami kafin a fita, domin yawancin rigimar wannan sana'a daga alkawarin baka take tasowa.

Wajen yanke farashi ne sababbin shiga suka fi tafka asara. Sukan lissafa ranar ɗauka kawai, su manta da kwanakin tacewa, man janareta, kuɗin mota, abincin ma'aikata, hayar lokeshan da tsufan kayan aiki. Wanda bai ware uwar kuɗi daga riba ba, ranar da kyamara ta lalace ranar kamfani ya rufe. Haka kuma ba lallai ba ne a zuba jari duka wajen sayen kyamara mai tsada, tun da a unguwanni irin su Titin Gidan Zu da ke Kano ana samun hayar kaya na kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya fi cancanta a fara mallaka shi ne makirufo mai kyau, fitilu, da wurin ajiyar bidiyo guda biyu. Mai kallo yakan yafe hoton da ya ɗan dushe, amma ba ya jure sautin da ba ya fita. Bidiyon ɗaurin aure kuwa idan ya goge, babu mai sake taron.

Ɗaya ɓangaren sana'ar shi ne tunanin mai fim. Mai riƙe kyamara yana ɗaukar abin da ya gani, mai fim kuwa yana yanke shawarar abin da za a gani. Kafin ya fita, ya riga ya rubuta labari, ya jera fitowa-fitowa, ya ziyarci lokeshan, ya lura da inda rana ke fitowa da safe da inda ƙarar injin niƙa ko babur za ta ɓata masa sauti. Ya san hasken hantsi da na la'asar sakaliya sun fi na tsakar rana taushi a fuska. Ya san lokacin da zai matso da kyamara kusa da idon jarumi, da lokacin da zai ja baya ya nuna tsakar gida baki ɗaya. Da safe ake kama fara, kuma fim ɗin da aka tsara a takarda shi ne ba ya cinye kasafinsa a lokeshan.

Wannan tunani ya haɗa da sanin mai kallo. Fim ɗin Hausa a cikin iyali ake kallonsa, uwa da 'ya'ya a ɗaki ɗaya, don haka darakta yakan nemi hanyar nuna soyayya ko fushi ta kallo da shiru da salon magana, ba tare da ya keta kunya ba. A ɗakin tacewa kuma ana buƙatar ƙarfin zuciya, domin fitowar da ta ci wahala da kuɗi, idan ba ta ciyar da labari gaba ba, yanke ta ake yi.

Fim aikin taro ne. Marubuci, mai ɗaukar hoto, mai sauti, mai haske, mai kwalliya da edita duk suna da hannu a ciki, kuma furodusan da ke biyan su kan lokaci shi suke amsa wa kira gobe. Ilimin sana'ar ana samunsa ta hanya biyu: karatu a makarantu irin su Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, da kuma zama ƙarƙashin gwani a lokeshan. Kamfanin da ya daɗe yana aiki shi ne wanda mai shi ya haɗa littafin lissafi mai tsabta da ci gaba da neman ilimi, yana kallon aikin da ya gama da idon gyara kafin ya karɓi na gaba.