Saƙo Sai da Sanannen Direba

Mai son aika ƙulli daga Maraɗi hanya biyu gare shi. Ko ya tsaya bakin titi ya tare ɗan kabu-kabun da ya fara wucewa, ya ce masa don Allah ka kai wannan Tibiri, gidan wane, bayan masallaci. Ko kuma ya taka har gareji, irin na Rimbo da sauransu, ya biya, a rubuta sunansa da na mai karɓa a littafi, a yago masa 'yar takarda. Hanyar farko ta fi araha, wata rana ma ta fi sauri. Amma ran da ƙulli ya yi ɓatan dabo, wa za ka kama? Ba ka san sunan yaron ba, ba ka riƙe lambar babur ba, abin da ka tuna kawai yana sanye da jar hula.

To, shafukan intanet ma da wannan suke fama. Mutane na ɗaukar shafi kamar allon talla, a kafa shi a tafi, alhali kuwa wuni yake yana rubuta wasiƙu. Ka manta kalmar sirri, shi zai aiko maka da wata. Ka sayi kaya, shi zai aiko rasit. A ce wata ƙungiyar manoman rani a Jiratawa, can inda ake ban-ruwa a gefen Gulbin Maraɗi, ta buɗe shafi tana sayar da busasshen zogale. Wata Hajiya a Yamai ta shiga ta nemi buhu biyu. Nan take shafin zai rubuta imel biyu, ɗaya gare ta cewa an ji, ɗaya ga sakataren ƙungiya cewa ga ciniki ya zo. Rubutawa ba wuya. Wa zai ɗauka?

Da yawa daga cikin irin waɗannan shafuka a kan WordPress aka gina su, manhajar da ta fito a 2003, wadda yau kusan shafi 4 cikin 10 na duniya a kanta suke zaune. In ba a gaya masa komai ba, WordPress ɗan kabu-kabu yake tarewa: ya miƙa wasiƙar ga babbar kwamfutar da aka yi masa hayar ɗaki a cikinta, ya juya baya. Ita kuwa gidan haya ce, akwai ɗaruruwan shafuka a ciki, na kirki da na 'yan damfara, duk babur ɗaya suke hawa. Masu tsaron ƙofar Gmail ba ruwansu da fuskarka, lambar abin hawa suke dubawa. Kamar dai shingen duwan na Ɗan Issa ne: motar da aka kama jiya da kayan fasa-ƙwauri, yau ko carbi ta ɗauko sai an sauke shi an zazzage. Zogalenka bai yi laifi ba, motar da ya shiga ce ke da tabo.

Laifin na asali tsoho ne. Ƙa'idar aika imel, wadda ake kira SMTP, wani masani mai suna Jon Postel ne ya rubuta ta a Amurka a 1982, lokacin da masu hawa wannan hanya ba su fi mutanen ƙauye guda ba, kowa ya san kowa. Ba wanda ya ga dalilin tambayar katin shaida. Shi ya sa har gobe mutum na iya rubuta sunan da ya ga dama a bayan ambulan. Da ƙauye ya zama birni sai ɓarayi suka gane ƙofar, aka wayi gari tarkacen saƙo ya cika hanya, masu gadi kuma suka daina yarda da baƙon ido.

Daga nan ne aka sami garejin imel: SendGrid, Mailgun, Postmark, Amazon SES, da Brevo na Faransa, wanda har zuwa 2023 Sendinblue ake ce masa. Sana'arsu ke nan, dakon wasiƙun wasu. Jarinsu kuwa suna ne kawai, irin jarin da Alhazan Maraɗi suka yi shekaru suna ciniki da shi tsakaninsu da Katsina da Kano, inda kalmar mutum ke saukar da tirela kafin kuɗi su iso. Gareji ya san in ya ɗauki kayan ɗan damfara sau biyu, duk motocinsa sun shiga uku a kowane shinge, don haka da kansa yake korar ɓata-gari. Ga kuma littafi: wannan ta isa, wannan an ƙi karɓa, wannan babu gida mai wannan adireshi.

Tsakanin shafi da gareji akwai ɗan aike, wato wata 'yar manhaja da ake liƙa wa shafin, irin su WP Mail SMTP. Yaron Alhaji ne da aka zaunar a zaure. Da wasiƙa ta fito, kafin a ɗaga wa babur hannu, ya cafe ta ya ruga gareji. Kuma shi ne wanda kullum ake cewa a sabunta, a sabunta, har mai shafi ya gaji da ganin jan ɗigon nan a kusurwar allo. Yaro yana aikinsa, me za a sabunta masa?

Ai gareji ne ba ya zama yadda ka bar shi. A da, yaron yakan je ƙofar Google da sunanka da kalmar sirrinka, wato ka ba shi makullin ɗakinka dungurungum don kawai ya kai takarda. A watan Mayun 2022 Google ya rufe wannan taga ga masu asusun Gmail na kansu, ya ce a zo da wata shaida ta dabam. Yaron da ba a koya masa sabon tsari ba ya je tsohuwar taga ya tarar an toshe ta da bulo. Sabuntawa ita ce a kira shi a ce, kai, an mai da wurin karɓar kaya baya, ga kuma irin takardar da ake nema yanzu. Wani lokacin kuma ɗinke masa aljihu ake yi, domin a nan makullin gareji yake. In ɓarawo ya zare shi, da sunan ƙungiyarku zai yi ta aika wa duniya labarin gadon wani attajiri da ya mutu ba magaji.

A Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ƙara tsuke ƙofa, Microsoft ya bi sahu a Mayun 2025. Takardu uku ake magana. Ta farko, SPF, jerin sunayen direbobin da ka yarda su ɗauki saƙo da sunanka ne, ka manna shi a ƙofar gida kowa ya gani. Ta biyu, DKIM, hatimi ne. Wasiƙar da ta fito daga fadar Sarkin Gobir a Tibiri ba muryar manzo ake saurare ba, hatimin ake dubawa, kuma wannan na na'ura ya fi na tawada wayo, domin in aka taɓa abin da ke ciki a hanya, hatimin ba zai ƙara dacewa ba. Ta uku, DMARC, wasiyya ce ga mai gadi: in wani ya zo da sunana babu hatimi, ko ka bar shi ya wuce, ko ka ajiye takardar gefe, ko ka mai da shi inda ya fito. Mai aika wasiƙa sama da 5,000 a rana dole ya cika duka ukun, mai ƙaramin ƙarfi kuwa aƙalla ɗaya daga cikin biyun farko. Sai dai a lura, sabunta yaro ba ya buga hatimi. Wannan aikin a rajistar sunan shafin ake yin sa, ko mai ƙarewa da .ne ne ko .com, kuma a nan ne masu gina shafi da yawa ke yin rabi su karɓi kuɗinsu su tafi.

Abin da ya fi ci mini rai a lamarin nan shi ne shirunsa. Mota in ta lalace a hanyar Madarunfa kowa ya gani, ga fasinja a gindin itace. Wasiƙar shafi kuwa in ta ɓace, shafin cewa zai yi an aika, kuma bai yi ƙarya ba, ai ya miƙa wa mai babur. Hajiya a Yamai ta jira kwana uku ta ce mutanen nan ba su da kirki, ta sayi na wani. Sakatare a Jiratawa ya duba ya ga wayam, ya ce kasuwar intanet zancen banza ce. Su biyun duk sun yi fushi da wanda bai yi musu komai ba, takardar kuwa tana kwance a kwandon shara na Gmail, ko ma ba a bari ta shiga gari ba.

Na san wani zai ce, Malam, mu da muke ciniki ta WhatsApp, ina ruwanmu da imel? Da gaskiyarsa, a babbar kasuwar Maraɗi murya ake turawa, kuma ciniki na faɗawa. Amma mai saye daga waje, da ƙungiyar agaji mai neman rasit, da ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo mai neman gurbin ƙarin karatu a wata ƙasa, duk ta imel ake amsa musu. Shi kansa mai shafin, ran da ya manta kalmar sirrinsa, ta wannan hanyar za a aiko masa da makulli.

Kuɗin mota bai kai yadda ake tsoro ba. Brevo na ɗaukar wasiƙa 300 a rana kyauta, abin da masu zogale ba za su cike ba ko ran da kasuwa ta fi ci. In harka ta wuce nan ne ake jin jiki, domin garejin nan duk a ƙasashen waje suke, da katin banki ake biyan su, ba a zuwa Nita a tura musu jika biyar. Wanda zai sabunta kuma, kada ya yi shi ranar Litinin ko Juma'a da kasuwa ke ci. Ya bari sai ranar da ƙafa ta ɗauke, ya adana kwafin shafin tukuna, in ya gama ya aika wa kansa wasiƙa ɗaya ta Gmail, ɗaya ta Yahoo, ya leƙa har cikin kwandon shara ya ga inda kowacce ta sauka.