Maɓallin gicciye ko ƴar sanda: abin da ya kamata a sani kafin a sayi maneti

Daga Malbaza zuwa Galmi, Dogarawa, Ƙonni har Illela, da wuya ka rasa rumfar da samari ke taruwa suna buga ƙwallo a tele. Ga wasu wasa ne, amma ga mai rumfar sana'a ce, kuma jarinsa yana cikin maneti, wato abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa wasan. Ƴan uwanmu ƴan bida da ke Abijan, Legas ko Libiya su ma sukan aiko da shi tsaraba. To, mu duba abubuwa biyu da ke ƙarƙashin babban yatsan hagu: maɓallin gicciye da ƴar sandar nan mai juyawa da ake kira analog.

Maɓallin gicciye shi ne yaya. Wani injiniyan kamfanin Nintendo na Japan, Gunpei Yokoi, shi ya fito da shi a 1982 a kan wata ƙaramar na'urar wasan Donkey Kong. Aikinsa kamar makunnin fitila yake: ko a kunne ko a kashe. Maɓallai huɗu ne a ƙarƙashinsa, sama, ƙasa, hagu da dama. In ka danne biyu tare ka samu kusurwa, shi ya sa hanyoyinsa takwas ne kacal.

Ita kuwa ƴar sanda ta yaɗu ne da Nintendo 64 a 1996, sannan Sony ya sa guda biyu a manetin PlayStation a 1997. A cikinta akwai ƴan na'urori biyu irin abin murɗa ƙarar rediyo, ɗaya na auna hagu da dama, ɗaya na auna sama da ƙasa. Don haka tana sanin inda ka karkata, tana kuma sanin yawan karkatawar. Ka tura kaɗan, ɗan wasa ya yi tafiya. Ka tura sosai, ya ƙara sauri.

Wanne ya fi? Wasan ne ke faɗa. A tsofaffin wasanni na tsalle-tsalle da na dambe, inda ake son dannawa daidai ba kuskure, gicciye ya fi. A tseren mota da ƙwallon zamani irin eFootball da EA Sports FC, sanda ta fi, don da ita ake lanƙwasa a hankali a yanke abokin karawa. Duk da haka akwai tsofaffin hannu da suka koyi PES a kan PlayStation 2 da gicciye, kuma har gobe ba su sake shi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ƙarko. Kowa ya san tsohuwar rediyo da ke ƙarar-ƙarar in an murɗa ta, saboda ƙura da gogewa. Ciwon ƴar sanda ke nan. In cikinta ya goge ko ƙurar hunturu ta shiga, sai ka ga ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Ba a nan kawai ba ne: a 2020 shugaban Nintendo, Shuntaro Furukawa, ya nemi gafarar masu saye kan matsalar manetin Switch. Gicciye kuwa roba ce kawai a ƙarƙashinsa, yakan daɗe, kuma canza robar ba wuya. Yanzu akwai sanduna masu aiki da maganaɗisu, ana rubuta Hall a kwalinsu. Ba abin da ke gogar wani a wurin awon, shi ya sa suke jurewa.

Ga shawararmu. Mai saye a kasuwa ya sa a jona manetin, ya ɗauke hannu, ya zuba ido: in abu ya motsa a allo, ya aje shi. Mai aikowa daga waje ya fara tambayar wace na'ura ce a gida, don bakin wayar PlayStation 2 daban yake da na USB, kuma manetin PlayStation 4 ba ya buga wasannin PlayStation 5. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, mai waya ya fi mai batiri sauƙin sha'ani. Mai rumfa kuma ya riƙa rufe kayansa da ƙyalle bayan an tashi, kar a zuba musu ruwa ko mai. In sanda ta fara yawo, a kai wa mai gyaran salula ya duba kafin a jefar, don sau da yawa ita kaɗai ake cirewa a sa wata.

Ku kuma yara, a bi sanda a hankali. Murɗa ta da ƙarfi ba ya ƙara wa ɗan wasa gudu, aljihun mai rumfa kawai yake ci.