Yadda Muka Farfaɗo da Tsofaffin Kwamfutocin Makarantarmu

 Duk wanda ya leƙa ɗakin kwamfuta na makarantarmu a zangon karatun da ya wuce, lalle ya ga waɗansu kwamfutoci guda shida an jingine su a kusurwa, ƙura ta yi musu rawani. Cewa ake yi sun mutu. To, ga mu 'yan aji biyar, baɗi za mu zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin ta, alhali kuwa a cikinmu akwai wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta na minti goma ba, saboda masu aikin ba su isa ba. Wannan ne ya sa Malaminmu na kwamfuta ya tara mu, mu 'yan ƙungiya, ya ce mu gwada sa'armu. Yanzu huɗu daga cikin shidan suna aiki, shi ya sa na ga ya kamata in bayyana yadda aka yi, har da inda muka yi tuntuɓe.

Da farko sai a san cewa kwamfuta, komai kyanta, ƙarfe ce da wayoyi kurum in ba a ɗora mata abin da zai tafiyar da ita ba. Wannan abu shi ne uwar manhaja, watau babbar manhajar da ke karɓar umarni daga allon rubutu da linzami, ta adana takardu, ta kuma ba sauran ƙananan manhajoji wurin zama. Wadda aka fi sani a ƙasarmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Namu kwamfutocin Windows 10 ce a kansu, ta yi nauyi har mutum ya iya zuwa ya yi alwala ya dawo ba su gama buɗewa ba. Bugu da ƙari, tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Ita kuwa Windows 11 ba ta yarda da tsohuwar na'ura, domin tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda namu ba su da shi.

Sai Malam ya kawo shawarar Linux. Wani ɗalibin jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, kuma kyauta ake ba da ita, kowa yana da izinin kwafa ya ba wani. Tana da iri-iri. Mu muka ɗauki Linux Mint, nau'in da ake kira Xfce, saboda ba shi da nauyi: ƙwaƙwalwar aiki, watau RAM, mai gigabait 2 da wurin ajiya mai gigabait 20 sun isa ya tashi, ko da yake da gigabait 4 ya fi sakewa. Sai dai tun 2020 wannan nau'in na Mint ba ya hawa na'ura mai bit 32, sai mai bit 64. Nan ɗaya daga cikin shidan ta faɗi, domin ta tsufa ƙwarai.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar filas mai gigabait 8 wanda babu komai a cikinsa, domin za a share shi. Ana sauko da Mint daga shafinta na intanet, nauyinta ya kusa gigabait 3, sa'an nan a rubuta ta a kan filas ɗin da wata 'yar manhaja, Rufus ko Etcher. Kwafa ta kawai cikin filas kamar hoto ba ya yi, kwamfutar ba za ta gane ta ba. In intanet ya yanke a tsakiyar saukewa, kada a yi ganganci da abin da ya sauka, a sake daga farko, ko kuma a gwada lambar tantancewa da ke shafin a ga ta dace.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau, domin ni ne na ci wuya a nan. Kafin a taɓa komai, a kwashe duk takardu da hotunan da ke cikin kwamfutar zuwa wani filas dabam. Ranar da muka fara, ɗoki ya ɗebe ni, na ce ai waɗannan sun shekara a ajiye, me zai kasance a ciki? Da aka zo wurin da ake tambaya yadda za a yi da rumbun ajiya, sai na danna zaɓin da ke cewa a share rumbun duka. Ashe tambayoyin gwaji na lissafi da 'yan aji shida na bara suka yi makonni suna bugawa a ciki suke, ba a kuma da kwafinsu a ko'ina. Malam bai yi mini faɗa ba, littafin da aka kwafo su kawai ya miƙo mini. Asabar uku na yi ina bugawa, abokaina suna filin ƙwallo. Gaskiyar masu iya magana, sauri ya haifi nawa.

Bayan an kwashe kaya, sai a soka filas, a kunna kwamfuta, a yi ta danna maɓallin da ke fito da jerin wuraren da za ta tashi daga gare su. A yawancin Dell F12 ne, a HP kuwa F9. In tambarin Windows ya riga ya bayyana, an makara, a kashe a sake. In kuma filas ɗin ya ƙi fitowa cikin jerin, a canza masa rami, in ya ƙi, a shiga saitin BIOS a kashe abin da ake kira Secure Boot. Abin da ya fi burge ni shi ne Mint tana tashi daga filas ɗin ta yi aiki sosai ba tare da ta taɓa rumbun ajiya ba. Saboda haka sai a tsaya a gwada sauti da intanet da allon rubutu tukuna, in komai ya yi, sa'an nan a danna alamar girkawa. Wanda ke son ya riƙe Windows ɗinsa, akwai zaɓin a zaunar da su biyun tare, kowane lokaci aka kunna sai a zaɓi wadda ake so.

Girkawar kanta ba ta daɗewa, a namu ba ta kai rabin awa ba. Abin tsoro ɗaya ne, a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Haka ta faru da mu a kwamfuta ta biyu, da wuta ta dawo sai baƙin allo kawai. Wani ɗan aji uku har ya fara salati, wai mun ƙona kayan gwamnati. Babu abin da ya ƙone, sake farawa muka yi daga filas. Tun daga ranar ba ma girkawa sai lokacin karatun dare, sa'ad da aka tada janareta.

Waɗansu matsalolin sai bayan an gama suke fitowa. Ɗaya ta ƙi ganin Wi-Fi sam. Malam ya jona wayarsa da igiyar caji, ya ba ta intanet ta nan, muka buɗe Driver Manager, ta nemo abin da ya rage da kanta. Wata kuma duk shafin da aka buɗe sai ta ce ba amintacce ba ne. Mun sha wahala kafin muka lura cewa kwanan watanta ya koma shekarun baya. Dalili shi ne ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin akwatin, CR2032, ya mutu, shi ne kuwa ke riƙe agogo in an kashe na'ura. Da aka canza shi, magana ta ƙare. Wanda ya haɗa Windows da Mint kuma zai iya ganin agogo ya sauya da awa guda, domin Linux tana ajiye lokacin Girinwic ne, mu kuwa muna gaba da shi da awa ɗaya. Wannan ba lalacewa ba ce, saiti ne. Ta shidan ce ta gagare mu, tana aiki minti kaɗan sai ta mutu. Mun buɗe mun tarar ƙurar hunturu ta toshe fankarta, mun share, amma fankar ta riga ta lalace, tana nan tana jiran a sami wata.

Kada in ɓoye aibinta. Manhajojin da aka yi domin Windows, masu ƙarewa da .exe, ba sa buɗewa kai tsaye a kan Mint, saboda haka duk wanda aikin ofishinsa ya dogara da irinsu, ya yi tambaya kafin ya canza. Amma tana zuwa da Firefox na shiga intanet, da LibreOffice na rubutu da lissafi, wanda ke buɗe takardun Word. Mu dai abin da muke bukata ke nan. A ganina iyayenmu da ke da tsohuwar kwamfuta a gida, gara su ba da ita a gwada mata wannan da a sayar wa 'yan gwangwan.

Akwai kuma abin da ya shafi wannan shafi namu na Hausa. Da yawa muna rubuta k a maimakon ƙ saboda ba mu gan ta a allon rubutu ba, har "ƙafa" ta koma "kafa". A cikin saitin allon rubutu na Mint akwai tsarin Hausa, sai a ƙara shi. Wanda bai yi haka ba, in yana cikin LibreOffice sai ya buga 0199, ya danna Alt da X tare, nan take lambar za ta rikiɗe ta zama ƙ. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuwa 0253. Da haka na buga wannan maƙala, a kan kwamfutar nan da na share wa tambayoyin lissafi. Ƙungiyarmu tana haɗuwa kowace Asabar bayan duba ɗakunan kwana, kuma Malam ya ce 'yan aji biyar da ba su iya riƙe linzami ba su za a fara ba wuri.