'Yar Tsana da Tufafin Jarumta

A garuruwa irin su Maiha, 'yar tsana abin wasan yara mata ce da ake yi da kara ko laka da tsumma. A Amurka kuwa, har manya na tara ta. Kamfanin Mattel, wanda ya fito da Barbie a 1959, yakan yi mata shigar jaruman littattafan barkwanci masu zane, kamar Wonder Woman wadda ta bayyana a 1941. Masu sha'awa kan adana su cikin kwalinsu, domin budewa na rage musu daraja.

A Nijeriya, Taofick Okoya ya fara 'yan tsanan Queens of Africa a 2007, da Nneka da Wuraola da kuma Bahaushiya, Azeezah. Dalibin harshe zai lura cewa ka'idar rubutun Hausa Aziza ta sani.

Ga shi kuma ba mu rasa jarumai ba: akwai Amina ta Zazzau, da Sarauniya Mangu wadda ta yaki Faransawa a 1899. Yarinyar da ta goya 'yar tsanar Amina za ta tambayi labarinta, kuma da Hausa za a ba ta shi.